Degel: me ya hana ƙauyen Shehu zama gari?

Ɗan_Marina:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Tambaya gare ni ga mutanen Sakkwato da masu bin tarihi. Duk wanda ya zauna aji a Arewa ya haddace cewa daga Degel Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi hijira zuwa Gudu a 1804. Amma in ka tsayar da mutum goma ka ce su kwatanta maka inda Degel take yau, da ƙyar biyu su iya. Wani abokin aikina mutumin wajen ne, ya ce mini ɗan ƙauye ne kawai, gidajen ƙasa da gonakin gero. To dama can haka take, ko birni ce da ta rushe irin Alƙalawa, babban birnin Gobir? In kuma tun asali ƙauye ce, me ya hana ta girma bayan jihadi, alhali Sakkwato da Wurno da Gwandu duk sun bunƙasa? Abin yana damuna ƙwarai.

Direban_Illela:
Wa alaikumus salam. Degel a ƙasar Gwadabawa take, kusa da Cimmola. In ka taso daga Sakkwato ka kama hanyar Illela ka wuce Kware, kana shiga yankin Gwadabawa ka tambayi 'yan kabu-kabu hanyar Cimmola, duk sun san ta. Da rani ba matsala. Da damina dai shawarata ka aje ƙaramar motarka cikin gari ka hau babur.

Malam_Buba_Kware:
Ɗan_Marina, abokin aikinka gaskiya yaf faɗa maka. Degel ba ta taɓa zama birni ba. Ba ganuwa, ba fada, ba sarki. Zaman malamai na, na Toronkawa dangin Shehu. Ba ma can anka haihe shi ba, Maratta anka haihe shi a 1754, yana yaro iyayensa sunka dawo Degel. Nan yat tashi, nan yaf fara wa'azi yana ɗan shekara 20, sannan ya shiga yawon kira ƙasar Kabi da Zamfara, daga baya yad dawo gida almajirai sunka biyo shi.

Abin da ya kamata mu gane shi ne, ƙanƙantar wurin da gangan ta. Malamai irin su Shehu ba su son zama gindin fada, don wanda ya ci daga hannun sarki bakinsa ya mutu. Ku tuna taron Idi na Magami wajen 1788, da Sarkin Gobir Bawa Jangwarzo yat tara malamai yana rabon kyauta. Shehu ya ƙi karɓar dukiya, yac ce a ba shi abu biyar: a bar shi ya kira mutane zuwa ga Allah, kada a hana wanda yak karɓa kiran, a girmama mai rawani, a saki 'yan sarƙa, a sassauta wa talakawa haraji. Mutumin da ka iya hwaɗin wanga magana gaban Bawa, mutum na wanda gonarsa da makarantarsa ba cikin birnin sarki suke ba.

Ɗalibar_Tarihi:
Allah ya saka da alheri Baba Malam. In ƙara kaɗan. Duk da ƙanƙantarta, zuwa ƙarshen shekarun 1790 jama'ar da ke taruwa a Degel ta kai yadda ta tsorata Alƙalawa. Shi ya sa Sarkin Gobir Nafata ya kafa dokokinsa: ban da Shehu kada wani ya yi wa'azi, wanda bai gaji Musulunci ba ya koma addinin iyayensa, maza su bar rawani, mata su bar lulluɓi. Sai kuma maganar Gimbana a zamanin Yunfa, wanda ya gaji Nafata. Dakarun Gobir suka auka wa Gimbana, garin Malam Abdussalami almajirin Shehu, suka kamo mutane, suka biyo da su ta kusa da Degel a ɗaure, jama'ar Shehu suka fito suka kwance su. Daga nan ne Yunfa ya aiko cewa Shehu ya fita da iyalinsa kaɗai ya bar jama'a, Shehu ya ce ba zai rabu da jama'arsa ba, sai dai su tashi tare. Aka tashi a watan Fabrairun 1804.

Sani_Kantin_Kwari:
Ikon Allah. Ni duk zatona ƙaton gari ne mai ƙofofi.

Ɗan_Marina:
Na gode Malam, na gode 'yar'uwa. Rabin farko ya warware. Saura rabi na biyu. Bayan an ci Alƙalawa a 1808 ai hanya ta buɗe. Me ya hana Shehu komawa gida? Kabarin mahaifinsa ma an ce a can yake.

Malam_Buba_Kware:
Kabarin Malam Muhammadu Fodiyo yana Degel, wanga gaskiya na. Amma ka dubi yadda zaman yak kasance bayan hijira. Daga Gudu anka yi ta ƙaura, har anka zauna Gwandu, daga nan Shehu yak koma Sifawa, can wajen Boɗinga, sannan Sakkwato inda yar rasu a 1817. Ɗansa Bello shi yag gina Sakkwato a 1809, bisa tudu, kusa da mahaɗar gulbin Rima da gulbin Sakkwato. Mai riƙe da daula wurin da za shi iya karewa yaka nema, mai ruwa, mai fadama. Kuma cin Alƙalawa bai ƙare yaƙi ba. Arewacin Rima bakin daga yaz zama shekara da shekaru, Gobirawa na kawo hari, Abzinawa na kawowa. Wa ka aje littattafai da mata da ɗiya a fili babu ganuwa?

Ustaz_Na_Gwandu:
Ina goyon bayan Malam, kuma hujjar tana nan kusa da Degel ɗin kanta. Cimmola ai ribaɗi ce, wato garin tsaro na bakin daga. Sarkin Musulmi Ahmadu ɗan Atiku, wanda ya yi mulki daga 1859 zuwa 1866, a can ya fi zama, har ana ce masa Mai Cimmola. Ɗansa Muhammadu Maiturare kuma shi ya kafa Gwadabawa yana Marafa, kafin ya zama Sarkin Musulmi a 1915. Wato ba a yi watsi da yankin ba, jikokin Shehu ne ma suka riƙe shi. Sai dai abin da ake bukata a lokacin garin tsaro ne, sai mutane suka taru a inda aka yi ganuwa. Haka Wurno, ita ma ribaɗin Bello ce, a can aka binne shi a 1837.

Sannan akwai wata fahimta da na ji daga malamanmu, cewa wanda ya bar wuri don Allah ba ya komawa ya mai da shi mazauni, kamar yadda Muhajirai suka zauna Madina bayan an buɗe Makka. Ban ce ita ce dalili ba, amma mutanen da suka kira tafiyarsu hijira sun san wannan sarai.

Bagobiri_Na_Tsibiri:
Salamu alaikum. Ina karantawa tun ɗazu daga nan Maraɗi. Ina roƙon 'yan zaure a riƙa sassauta harshe in an zo kan Gobirawa. Kullum labarin ɗaya ne, su ne masu kawo hari, su ne masu kama mutane. Ɗan_Marina ya ce "birni da ta rushe irin Alƙalawa" kamar ruwan sama ne ya rushe ta. Yaƙi ne ya ci ta, Yunfa ya mutu a ciki, mutanenta suka watse. Bayan yaƙin Gawakuke a 1836 kakanninmu suka kafa Tsibiri, wasu daga baya suka kafa Sabon Birni. Kuma wa ya bar Shehu ya yi shekara talatin yana wa'azi a ƙasarsa? Ba sarakunan Gobir ba? Cikin waɗanda suka yi hijira ma akwai Hausawa da yawa, Abdussalamin da aka ambata ai ba Bafulatani ba ne. In za a yi kukan an manta da Degel, a haɗa da Alƙalawa, don ita ma kufai ce a ƙasar Sabon Birni, ba kowa ke leƙa ta ba.

Ɗalibar_Tarihi:
Yaya Bagobiri, maganarka tana kan hanya. Wanda ya je Degel bai je Alƙalawa ba rabin labari ya gani. Ni in da ni ke tsara wa ɗalibai tafiya, duka biyun zan sa.

Shugaban_Zaure:
Jama'a a ci gaba cikin mutunci kamar yadda aka faro. Duk wanda ya kawo zagin ƙabila zan goge rubutunsa ba tare da sanarwa ba.

Mai_Albasa_Gwadabawa:
Ku yi mini haƙuri, ni ba malami ba ne, manomi ne, kuma ƙauyenmu ba shi da nisa da wurin da kuke magana. Kuna ta tambayar me ya hana Degel girma shekara ɗari biyu da suka wuce. Ni tambayata me ke hana ƙauyukanmu girma yanzu. Ana gama girbin gero da wake samari sun watse ci-rani, wasu Legas, wasu Fatakwal, wasu Abuja turin baro. Wanda ya samu fadama shi ke tsayawa ya yi albasa. Ita ma albasar, lokacin da kowa ya kwashe kuɗinta ya faɗi, in ka ce ka aje a rumbu ta yi tsada rabi ya ruɓe, ga kuɗin taki ga man injin ban-ruwa. Shekarar 2010 da ambaliya ta zo ta gulbin Rima, tun daga Goronyo har ƙasarmu gonaki suka tafi, akwai waɗanda tun daga lokacin ba su miƙe ba. Baƙi kan zo ziyara da manyan motoci, su yi addu'a, su ɗauki hoto, su ba yara sadaka su tafi. Ba mu ƙi ba, Allah ya ba su lada. Amma matar da naƙuda ta kama da tsakar dare har yanzu a babur ko amalanke ake fita da ita.

Hajiya_Ummu_Hassan:
Wallahi wannan ita ce maganar. Allah ya yi maka albarka ɗana. Ina jin ciwon a ce garin da aka haifi Nana Asma'u a 1793, matar da ta tsara 'yan taru, ta naɗa jajoji, wato shugabanninsu, tana ba su malfa suna bin ƙauyuka suna karantar da mata, a ce yau a ƙauyukan da ke kewaye da shi yarinya ta gama firamare da ƙyar. Tana da shekara goma sha ɗaya fa aka yi hijirar nan da ita. Kakata 'yar taru ce, daga ƙauyensu suke takowa a ƙasa har Sakkwato da 'yar tsarabarsu ta hatsi da man shanu, su ɗauki karatu su koma su koya wa na gida. Waƙoƙin da ta haddace har ta rasu tana rera mana su in tana kaɗi. In ana son a girmama Degel, a gina wa 'yan mata makaranta mai kyau a wurin, da malamai mata da za su zauna. Wannan ya fi kowane allon tarihi.

Abu_Sumayya:
Ni fa ina tsoron wannan kiran a gyara wuri a jawo masu ziyara. Daga an kewaye kabari an yi masa fenti, sai ka ga ana ɗibar ƙasa ana shafawa, ana roƙon mamaci. Shehu da kansa ya yaƙi bidi'a, ya rubuta a kai. Barin wurin yadda yake ya fi zama lafiya ga aƙidar mutane.

Ustaz_Na_Gwandu:
Abu_Sumayya, ziyarar maƙabarta don tuna lahira da yi wa mamata addu'a sunna ce, ba mai jayayya a kai. Wanda ya jahilci ladubban ziyara sai a koya masa. Hubbaren Shehu a cikin Sakkwato kullum da mutane, daga Nijar, daga Ghana, daga Sudan, ba a ce a rufe ba. Kuma ba kabari kaɗai ake zuwa gani a Degel ba. Yaro ya tsaya ya ga cewa daga wannan ɗan fili aka rubuta littattafan da ake karantawa har yau, wannan kansa darasi ne.

Abu_Sumayya:
Ustaz, koyarwar ce ba a yi. Na ga abin da na gani da idona a wurare da dama. Amma na bar maganar nan, kada mu karkatar da zaren Ɗan_Marina.

Ɗan_Ƙonni:
Gaisuwa daga wannan gefen iyaka. Kuna magana kamar labarin duka a Nijeriya yake. Marattar da Malam Buba ya ambata a wajenmu take, jihar Tawa, kusa da Galmi, garin da albasarsa ta yi suna har ƙasashen waje. Mai_Albasa ya san irin da nake nufi. Lokacin Shehu babu wata iyaka tsakanin Ƙonni da Illela, Turawa ne suka ja layi. Aliyu Jeɗo da ya zama Sarkin Yaƙin jama'ar Shehu, shugaban Fulanin yankin Ƙonni ne. Malam Agali da ya taimaka da raƙuma wajen ɗaukar kaya ranar hijira Buzu ne. Hanyar hijirar ma ta Kalmalo ta bi, inda tabkin nan yake kusa da Illela. To mu nan in mutum yana son ya bi sawun Shehu tun daga mahaifa, sai ya ƙetare iyaka, ya sha tambayoyin jandarma da 'yan duwan. Da aka rufe iyaka a 2023 bayan juyin mulki, ƙanwar mahaifiyata da ke aure a ƙasar Gwadabawa ta rasu, sai ta barauniyar hanya muka je gaisuwa.

Mai_Albasa_Gwadabawa:
Allah ya jiƙanta Ɗan_Ƙonni. Irin Galmi kam shi muke nema, yana jimirin ajiya. Rufe iyakar nan mu ma ta taɓa mu, kasuwar Illela ta ranar Lahadi sai da ta koma kamar ba ita ba.

Sani_Kantin_Kwari:
To Gudu fa? Ana iya zuwa? Ina son in ga Tabkin Kwatto.

Direban_Illela:
Alhaji Sani, kada ka kama hanyar Gudu ko Tangaza kai kaɗai don ka ga taswira a waya. Ka ji labarin 'yan bindigar nan Lakurawa ai. Akwai lokacin da ake shiga lafiya, akwai lokacin da mu kanmu direbobi ba mu yarda yamma ta yi mana a can. Ka nemi ɗan gari a Balle ya gaya maka halin da ake ciki kafin ka taso.

Ɗalibar_Tarihi:
Abin takaici ne, don Gudu ce cikon labarin Degel. Littattafai na cewa tsakaninsu kimanin mil 30 ne. A can aka yi wa Shehu mubaya'a, a kusa da nan kuma aka yi yaƙin Tabkin Kwatto a watan Yunin 1804, Malam Abdullahi ƙanen Shehu na jagorantar jama'a, yawancinsu 'yan baka a ƙasa, suka karya dawakin Yunfa. Wata huɗu kacal bayan barin Degel. Ita ma Gudun ba a daɗe a cikinta ba, abinci ya yi ƙaranci aka tashi. Kusan duk wuraren farkon jihadi haka suke, zango ne aka yi aka wuce. Shi ya sa nake ganin tambayar Ɗan_Marina ta shafi Gudu da Sifawa ma, ba Degel kaɗai ba.

Bagobiri_Na_Tsibiri:
Da Tsuntsuwa, 'yar'uwa. A ƙarshen shekarar nan ta 1804 Gobirawa da Abzinawa suka yi wa jama'ar ɓarna mai yawa a can, mahaddata Alƙur'ani da dama suka kwanta dama. Ba don alfahari na faɗa ba, Allah ya jiƙan kowa. Don a san cewa kowane ɓangare ya binne nasa a ƙasar nan.

Malam_Buba_Kware:
Amin. Hakanan yake Bagobiri, malamanmu ba su ɓoye Tsuntsuwa ba, sun rubuta ta.

Ɗan_Marina:
Na ƙaru ƙwarai. Amma har yanzu zuciyata ba ta kwanta ba. Na yarda tsaro ya hana a koma a wancan ƙarni. To daga zuwan Turawa a 1903 zuwa yau fa? Mun sa wa jami'a sunan Shehu, mun sa wa tituna da makarantu sunayen 'ya'yansa a kowane gari. A ce an rasa kwalta mai kyau da asibiti da makarantar da Hajiya ta ce a ƙauyen da abin ya faro? Ba sai ta zama birni ba. Ta zama dai wurin da mazaunansa ba sa gudunsa.

Ustaz_Na_Gwandu:
Ni kuma ina tsoron ranar da za a ce an ware kuɗin gyaran Degel. Sai a zo a rushe abin da ya saura na ginin ƙasa a kafa siminti da tayil, a sare itatuwa a yi wurin aje motoci. In za a taɓa wurin, a fara zama da dattawan garin da masana, a rubuta abin da suka sani: nan ne gidan wane, nan ake karatu, nan rijiya take. Tsofaffin da suka gaji wannan bayani suna ta tafiya.

Mai_Albasa_Gwadabawa:
Ustaz, a zauna da dattawa, na yarda. Amma in an tambaye su me suke so, ka shirya jin ruwan sha da taki kafin komai.

Malama_Rabi_Sakandare:
Ni malamar tarihi ce a wata makarantar 'yan mata a cikin Sakkwato. Mun taɓa neman a ba mu mota mu kai 'yan ajin ƙarshe Degel da Wurno, takarda ta yi ta yawo daga ofis zuwa ofis har zangon karatu ya ƙare. Bana mun yanke shawara da iyaye za mu yi karo-karo mu ɗauki hayar bas bayan an sha iska, kafin zafi ya shigo. Direban_Illela, bas mai cin mutum goma sha takwas za ta iya shiga har ciki a watan Janairu? Malam Buba kuma, in Allah ya ba ka iko ka raka mu, yaran nan za su fi jin bayani daga bakinka. Hajiya, in akwai cikin waƙoƙin kakarki da kika riƙe, ki turo mini ta murya in koya musu kafin mu je.

Direban_Illela:
Janairu bas za ta shiga Malama. Ku dai taso da sassafe, kuma ku riƙo ruwanku. In kun haɗa da Wurno a rana ɗaya za ku yi dare, gara ku raba kwana biyu.

Hajiya_Ummu_Hassan:
Zan turo miki 'yata, biyu na riƙe sosai, ta ukun sai na tambayi yayata da ke Achida ta cika mini baitocin da suka kuɓuce.

Ɗan_Ƙonni:
Malama, in kun saka rana ku sanar a nan. Akwai malaman lakwal biyu a wajenmu da za su so su ƙetaro su same ku a Gwadabawa, in hanya ta yi daɗi.